Keken kare ya fi na jariri kasuwa a Koriya ta Kudu: laifin wa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigar su.

Yau Koriya ta Kudu za mu. Na san da yawanku kun san ƙasar, ko ta fina-finansu masu dogon zango da ke hana wasu barci, ko ta wayar Samsung da ke hannunku yanzu haka, ko ta motocin Hyundai da Kia. To akwai wani labari da ya fito daga can a ƙarshen 2023 wanda ya zagaya duniya. Wata babbar kasuwar intanet ta ƙasar mai suna Gmarket ta fitar da lissafin cinikinta na watanni tara na farkon shekarar, sai aka ga cikin kekunan turawa da ta sayar, kashi 57 cikin 100 na karnuka da kyanwoyi ne, kashi 43 ne na jarirai. Shekara biyu kafin nan, a 2021, na dabbobi kashi 33 ne kacal. E, kun ji daidai. Keke mai ƙafa huɗu da rumfa, irin wanda ake kwantar da jariri a tura shi, amma kare ne a ciki yana leƙen duniya. Har suna suka raɗa masa, suna ce masa gaemocha, wato sun haɗa kalmar kare da ta keken jariri.

Kafin mu yi nisa, wannan lissafin kasuwa ɗaya ce, ba na ƙasa baki ɗaya ba, kuma keken jariri abu ne da ake gada daga wa zuwa ƙane ko a saya na hannu. Amma duk da haka labarin ya kama, domin ya zo daidai da wani lissafi da ba shi da gardama. A 2023, matsakaicin 'ya'yan da ake sa ran mace ɗaya za ta haifa a rayuwarta a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72. A birnin Seoul ma 0.55 ne. Masana sun ce sai an samu 2.1 kafin al'umma ta tsaya yadda take ba ta ragu ba. Jarirai kusan 230,000 aka haifa a wannan shekara, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 51. Tun 2020 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. A 2024 makarantun firamare fiye da 150 ne suka buɗe sabuwar shekarar karatu ba ko yaro ɗaya da ya shiga aji ɗaya.

To da mutane suka haɗa waɗannan biyu, sai hukunci ya zo da sauri: kare ya ƙwace gurbin ɗa. Wani ɗan siyasa, Kim Moon-soo, ya faɗa wa matasa a wani taro a 2023 cewa abin da ke damunsa shi ne sun daina son junansu sun koma son karnuka, ba aure ba haihuwa. Da aka zo naɗa shi ministan ƙwadago a 2024 sai aka tono maganar, ya sha suka. Shi ma Fafaroma Francis a Janairun 2022 ya ce zaɓar kare da kyanwa a madadin 'ya'ya wani nau'in son kai ne. Kuma na san mu nan, da yawanmu za mu gyaɗa kai mu ce ai gaskiya suka faɗa.

Ni dai a nawa ganin an bar jaki ana dukan taiki. Bari mu bi abin da gwamnatin ƙasar ta yi wa kare, da abin da ta yi wa yaro, sai ku yanke da kanku.

Mu fara da kare. Koriya tana da dokar kare haƙƙin dabbobi tun 1991, amma ta daɗe ba ta da haƙora. A hankali aka yi ta ƙara mata ƙarfi. Tun 2014 ya zama dole mai kare ya yi masa rajista da hukuma, yawanci da 'yar ƙaramar na'ura da ake sa wa dabbar a ƙarƙashin fata. Daga 2021, wanda ya azabtar da dabba har ta mutu zai iya shan ɗaurin shekara uku ko tarar won miliyan 30, kuma jefar da dabbarka a titi ya zama laifin da kotu ke yanke wa tara har won miliyan 3. Won shi ne kuɗinsu, miliyan ɗaya kusan dala 700 ne, sai ku buga lissafinku a naira ko sefa. A ƙarshen 2023 kuma aka cire haraji a kan jinya iri kusan 100 a asibitin dabbobi. Wannan ba abin mamaki ba ne idan ka san kusan gida ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana da kare ko kyanwa. Waɗannan mutane suna da ƙuri'a.

Babban abin shi ne ranar 9 ga Janairun 2024. A ranar majalisar dokokin ƙasar ta haramta kiwon kare don yanka, da yanka shi, da sayar da namansa. Ƙuri'a 208 suka amince, ba ko ɗaya da ya ƙi, biyu suka ƙaurace. Wanda ya san siyasar Koriya ya san wannan abin al'ajabi ne, domin jam'iyyun nan ko gaisuwa da kyar suke yi. Wanda ya yanka kare don ci, ɗaurin da zai iya kai shekara uku. Wanda ya yi kiwo ko ya sayar, har shekara biyu. Mai ci dai ba a ce za a hukunta shi ba. An ba da wa'adin shekara uku, hukuncin zai fara aiki a Fabrairun 2027.

Wani zai ce, au, dama suna cin kare? Suna ci, tun kaka da kakanni, musamman wata miya da ake kira boshintang da tsofaffi ke sha a kwanakin tsananin zafi da imanin tana ƙara ƙarfi. Amma abin ya daɗe yana mutuwa da kansa. Tun lokacin wasannin Olamfik na 1988 hukuma ta kori masu sayarwa daga manyan titunan Seoul don kada baƙi su gani. An rufe babbar mayankar karnuka ta Seongnam a 2018, kasuwar Gupo ta birnin Busan ta bi baya a 2019. Wani binciken jin ra'ayi na Gallup a 2022 ya nuna kashi 8 cikin 100 ne kawai suka ci naman a shekarar da ta gabata, alhali a 2015 kashi 27 ne. Wato majalisa ta zo ta tarar da bango ya riga ya karkata, ta sa hannu ta tura. Ga kuma uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Kim Keon Hee, wadda ta ɗauki maganar a ka, har wasu ke kiran dokar da sunanta. A lokacin ita da mijinta Yoon Suk Yeol suna da karnuka da kyanwoyi fiye da goma a gida.

To yanzu mu juya wajen yaro, nan ne maganar take da tsawo.

Duk wanda ya ce gwamnatin Koriya ta kula da kare ta manta da yaro, bai duba lissafi ba. A tsarin 2024, da an haifi ɗan fari gwamnati za ta ba iyaye katin sayayya na won miliyan 2, na biyu da waɗanda suka biyo baya miliyan 3. Sannan duk wata a shekarar farko akwai won miliyan 1 na iyaye, a shekara ta biyu 500,000. A kan wannan akwai won 100,000 duk wata na yaron kansa har ya cika shekara takwas. In ka tara, ɗan fari yana jawo wa gidansu won miliyan 29.6, wato sama da dala 20,000. Birnin Incheon ya ƙara nasa, ya ce zai cike wa kowane yaro won miliyan 100 kafin ya kai shekara 18. Wani kamfanin gine-gine mai suna Booyoung ya fara ba ma'aikatansa won miliyan 100 a kan kowace haihuwa, gwamnati kuma ta yafe harajin irin wannan kyauta. Akwai bashin sayen gida mai rangwame ga masu sabon jariri. Daga 2025 hutun uba idan matarsa ta haihu ya tashi daga kwana 10 zuwa 20, hutun reno kuma zai iya kai wata 18 ga kowannensu idan uwa da uba duka sun ɗauka.

Na san wani yana can yana cewa, Allah ka kai ni Koriya, ni da ke da bakwai. Ka dai tsaya ka ji sauran.

Daga 2006 zuwa 2021 gwamnati ta ce ta kashe kusan won tiriliyan 280 a kan matsalar haihuwa, sama da dala biliyan 200. Ko da yake masu suka sun ce an cusa bashin gidaje da wasu ayyuka da ba su da alaƙa da jariri cikin wannan jimla don ta yi kauri. Mu ɗauke ta yadda take. In ka raba shekara 16, ya kama tiriliyan 17 da ɗoriya a shekara. Kuɗin da aka ware a 2025 don sallamar masu sana'ar kare kuwa kusan won biliyan 100 ne. Ka ga na yaro ya ninka na kare sama da sau 170. Amma cikin shekarun nan da ake ta zuba kuɗi, haihuwa ƙasa ta yi ta yi, daga sama da 1.1 zuwa 0.72. To ina gizo yake saƙa?

Ka ɗauki saurayi ɗan shekara 30 a Seoul. Ya gama jami'a, ya yi wata 18 na aikin soja na dole, ya yi fafutukar neman aiki. Yana son aure. Abu na farko gida. Rabin mutanen ƙasar a Seoul da kewayenta suke, don can ne manyan ayyuka da manyan jami'o'i suke, saboda haka gida ya yi tsadar da albashi ba ya kamowa. Ko haya ma, suna da wani tsari da ake kira jeonse: ba ka biyan kuɗin wata, sai dai ka ajiye wa mai gida dunƙulen kuɗi, sau da yawa rabin darajar gidan ko fiye, ya riƙe shekara biyu ya mayar maka in za ka tashi. Ku da ke kuka da kuɗin hayar shekara ɗaya a dunƙule, ku kwatanta a ce ka kawo rabin kuɗin gidan. Kuma a can haihuwa ba aure abu ne da ba a saba da shi ba, bai kai kashi 5 cikin 100 ba a 2023. Don haka in gida ya hana aure, ya hana haihuwa kenan.

A ce ya tsallake wannan, an yi aure, an haihu. Sai lesin. Wallahi wannan ne ya fi ba ni tausayi. Yaro zai tashi daga makaranta ya wuce makarantar lesin mai zaman kanta, su hagwon suke ce mata, daga ta lissafi zuwa ta Turanci zuwa ta kiɗa, har sai da hukumar Seoul ta sa doka cewa a rufe su ƙarfe goma na dare. Goma na dare fa. Duk don wata jarrabawa guda da ake yi a watan Nuwamba, Suneung, wadda ke yanke jami'ar da za ka shiga, jami'ar kuma ta yanke aikin da za ka samu. Ranar jarrabawar har jiragen sama ake dakatar wa tashi da sauka na ɗan lokaci don kada ƙara ta dami masu sauraren Turanci. A 2023 iyaye sun kashe won tiriliyan 27.1 a lesin, kusan ɗalibi takwas cikin goma na zuwa, matsakaicin kuɗin kowane ɗalibi ya haura won 430,000 a wata. Yanzu ku tuna won 100,000 ɗin nan na gwamnati, wanda a tsarin 2024 yake yankewa a shekara takwas. Daidai lokacin da kashe kuɗin gaske ke farawa, a nan tallafin yake ƙarewa.

Sai kuma ita matar. Matan Koriya suna cikin waɗanda suka fi na ko'ina ilimi a duniya, amma cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, Koriya ce ta fi tazara tsakanin albashin namiji da na mace, kusan kashi 30 cikin 100. Hutun reno yana nan a takarda, amma a ƙananan kamfanoni wadda ta ɗauka ta san za ta iya dawowa ta tarar an wuce ta, ko an nuna mata ƙofa da ido. Mijin kuma yana ofis har dare. Doka ta ƙayyade awa 52 a mako, kuma a 2023 gwamnatin da ke roƙon matasa su haihu ita ce ta kawo shawarar a bari a kai awa 69 a wasu makonni, sai da matasa suka yi ca sannan ta janye. Ga shagunan shan shayi da gidajen abinci ɗaruruwa da suka liƙa sanarwa a ƙofa cewa ba a shiga da yara. A wani wurin ka shiga da karenka a yi maka maraba, ka zo da ɗanka a ce ka yi haƙuri.

Kuma babu kaka a tsakar gida, babu goggo, babu ƙanwar miji da za a miƙa wa goyo a tafi aiki. Sama da kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne tal a ciki. Mutumin da ya dawo ƙarfe tara na dare ya buɗe ɗaki shiru, in ya samo ɗan kare da zai tare shi a ƙofa yana kaɗa jela, ni ban ga inda ya ƙwace gurbin wani jariri ba. Jaririn dama ba ya hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kare ba ya zuwa hagwon, ba ya rubuta Suneung, ba ya buƙatar ɗaki na biyu, kuma ba a taɓa hana mace ƙarin girma don ta ajiye kyanwa ba.

Shi ya sa dokar kare ta wuce da 208 ba hamayya. Ta taɓa gonaki dubu ɗaya da ɗoriya da gidajen abinci kusan 1,600, yawancin masu su tsofaffi ne da ba su da wani ƙarfi a siyasa. Ka hana abu ɗaya, ka biya diyya, an gama. Maganar yaro kuwa, in da gaske kake, sai ka taɓa farashin gida, alhali masu gidaje su ne masu zaɓe kuma ba sa son darajar gidansu ta faɗi. Sai ka taɓa manyan kamfanoni da awoyin aikinsu. Sai ka taɓa jami'o'i da masu makarantun lesin. Sai ka shiga har cikin ɗaki ka ce wa maza su ɗauki tsintsiya. Ba ɗan siyasar da ke son wannan rigima, tura kuɗi asusu ya fi sauƙi, kuma ya fi kyau a hoton kamfen. A Yunin 2024 shugaba Yoon ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan raguwar jama'a, ya ce zai kafa ma'aikata sukutum. Watanni shida bayan nan ya ayyana dokar soja, majalisa ta tsige shi, maganar ta bi ruwa.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata mu riƙe, don ya shafe mu. A 1960 macen Koriya 'ya'ya shida take haifa, kusan yadda Nijar take a yau, kuma sama da Najeriya da binciken lafiya na 2023 zuwa 2024 ya sa a 4.8. Gwamnati ce ta fito da gangamin taƙaita haihuwa, har namijin da ya yarda aka yi masa aikin tsayar da haihuwa ana yafe masa atisayen sojan ko-ta-kwana. A 1983 suka sauka ƙasa da 2.1, amma ba su daina gangamin a hukumance ba sai 1996. Cikin rayuwar mutum ɗaya aka tashi daga shida zuwa ƙasa da ɗaya. Tsohuwar da aka yi wa wa'azin ta tsaya a biyu, ita ce yau take jiran jika ɗaya ba ta samu ba. Mu tamu matsalar a juye take, yara ga su nan Allah ya albarkace mu, tallafin wata-wata na kowane yaro ne babu. Amma saurayin da ke Kano ko Abuja ko Yamai da ya kai 33 bai yi aure ba saboda haya da lefe da tunanin kuɗin makaranta, in ya ji labarin takwaransa na Seoul ba zai ce baƙon labari ba ne.

Kada kuma ku ɗauka shi karen ya gama tsira. Mu da muka tashi da labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, mun san tausayin dabba ba a takarda yake ƙarewa ba. Lokacin da aka yi dokar akwai karnuka kusan rabin miliyan a gonaki. Gwamnati ta ce za ta biya won 600,000 a kan kowane kare ga wanda ya rufe da wuri, kuɗin yana raguwa har 225,000 ga wanda ya yi jinkiri. Masu gonakin miliyan 2 suka nema, har sun yi barazanar sakin karnukansu a ƙofar fadar shugaban ƙasa. To in an rufe gonar, ina karen zai je? Yawancinsu manya ne, jinsin Tosa da gauraye, wasu sun kai nauyin babban rago, mutanen birni kuwa a benaye suke zaune, ƙananan karnuka masu gashi suke so, irin waɗanda ke shiga gaemocha. Gidajen ajiye dabbobi na hukuma dama sun cika, domin duk shekara dabbobi sama da 100,000 ake tsinta a titi, ɓatattu da waɗanda aka jefar. Waɗanda ke samun sabon gida ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, da yawa a can suke mutuwa ko a yi musu allurar mutuwa. A 2021 ma'aikatar shari'a ta kai ƙudurin da zai sa doka ta daina ɗaukar dabba a matsayin kaya kamar kujera ko tebur, ya kwanta a majalisa har wa'adinta ya ƙare a 2024.

A ɓangaren yara an ɗan samu labari mai daɗi. A 2024 lissafin ya ɗaga zuwa 0.75, jarirai kusan 238,000, karo na farko da aka ga ƙari cikin shekara tara. Gwamnati na cewa tallafinta ne ya fara aiki. Masana kuma suna nuna abu biyu: auren da korona ta jinkirta ne aka yi ta ɗaurawa, har aure ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100 a shekarar, sannan 'ya'yan farkon shekarun 1990, lokacin da ake haifar sama da 700,000 a shekara, su ne yanzu suka shiga shekara talatin da 'yan kai. Waɗanda ke bayansu ba su kai su yawa ba, na bayan waɗancan kuma sun fi ƙaranci. Jariran 2023 su 230,000, in Allah ya raya su, su ne iyayen shekarun 2050.

A nan za mu dakata.